RA'AYINMU: A Koma Ga Gayya Tun Bango Bai Gama Tsagewa Ba

Ga shi Allah ya kawo mu ƙarshen wani zangon karatu, kowa ya fara ɗaure kayansa zai nufi gida. Kafin a watse, mun ga ya kamata mu yi amfani da wannan fili mu tattauna da 'yan'uwanmu ɗalibai, da kuma yayyenmu waɗanda suka riga mu fita suka kama aikin gwamnati, a kan wata magana wadda ba a koyar da ita a ɗakin lacca, ba ta kuma fitowa a jarrabawa, amma da wuya a sami gidan da ba a kwana da ita. Maganar kuwa ita ce ta famfon unguwa da ya lalace, da magudanar da ta toshe, da kwalbatin da ruwa ya cinye, da rufin ajin firamare da iska ta yaye. Za mu ɗauki garin Sakajiki na Ƙaramar Hukumar Ƙauran Namoda, da maƙwabtansa na ƙasashen Zurmi da Shinkafi a arewacin Jihar Zamfara, su zama abin misalinmu, domin daga can wasu cikinmu suka fito, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma wanda ya fito daga Katsina ko Sakkwato ko Kano, in ya karanta, zai ga unguwarsu a ciki.

Bari mu fara da famfon tuƙa-tuƙa, domin babu abin da ya fi shi bayyana halin da muke ciki. Ranar da aka kafa shi an yi taro, an yi jawabi, an ɗauki hoto, an kafa allo mai ɗauke da sunan wanda ya kawo shi. Shekara ɗaya ko biyu yana aiki lafiya lau. Daga nan sai a ga sai an daɗe ana tuƙi kafin ruwa ya zo, alamar robar da ke can ƙasa cikin bututu ta fara cinyewa. Sai hannun ya fara girgiɗi yana ƙara, alamar ƙusa ta kwance ko maiko ya ƙare. Kowa ya ji ƙarar, kowa ya ce wannan famfo ya kusa tsayawa, kowa ya cika bokitinsa ya wuce. Ran da ya tsaya sai a ce ai na gwamnati ne, a jira ta. Bayan wata shida an kwance hannun an yi gaba da shi, bayan shekara awaki ne ke kwana a kan dandamalinsa. Yara da 'yan mata sun koma kududdufi da gulbi, masu hali kuwa sun koma sayen ruwa a wurin 'yan garuwa. Rijiyar da aka kashe maƙudan kuɗi wajen haƙa ta, abin da ya kashe ta roba ce da ƙusa, waɗanda kuɗinsu bai kai na buhun gero ɗaya ba.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramar magana ce. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta yi ajalin fiye da 3,000, kuma Zamfara tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Wannan cuta kuwa ta ruwan sha take bi. A shekarar 2024 ƙungiyar likitocin nan ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF, wadda ke aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a waɗannan ƙananan hukumomi biyu, ta tarar ɗaya cikin kowane huɗu yana fama da tamowa. Yunwa ce uwar tamowa, babu shakka, amma kowane ma'aikacin lafiya ya san yaron da ke shan gurɓataccen ruwa yana zawo, ɗan abincin da ya samu ba ya zama a jikinsa. Ashe ke nan tsakanin robar famfo da gadon asibiti tafiyar ba ta da nisa.

To, yaya iyayenmu da kakanninmu suka yi da irin waɗannan matsaloli, alhali ba su da injiniya ba su da kasafin kuɗi? Amsar kalma ɗaya ce: gayya. A ƙasar Hausa kowane lokaci na shekara yana da irin gyaran da ake yi a cikinsa. In an kammala kaka, sai a fita gyaran hanyoyin da damina ta ɓata, a cike ramuka da birji, a share hanyar kasuwa da ta maƙabarta. Da rani ake buga tubali, a yi wa katangu yaɓe, a yashe rijiyoyi tun da a lokacin ne ruwa ya yi ƙasa. Da bazara, kafin ruwan farko ya sauka, ake baibaye ɗakuna, a gyara indararo, a buɗe hanyoyin ruwa don kada ya kwanta a gindin gini. Da damina kuwa sai gayyar noma: a taru a nome gonar mara lafiya, da ta matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, da ta surukin wani daga cikin samari.

Gayya tana da tsarinta. Mai unguwa ne zai sa rana bayan ya yi shawara da dattawa da liman, a sa mai shela ya kewaya gari. Sarkin samari ne zai raba aiki, wannan ya zo da galma, wancan da kwando, mai jaki ya zo da mangala. Makaɗa suna gefe suna zuga ma'aikata, mata sun dama fura da kunu sun aiko. Su ma mata suna da tasu gayyar, wato daɓen ɗakin amarya, inda suke taruwa da madaɓai suna aiki suna waƙa. Ba a biyan kowa, ba a kuma kai kowa gaban alƙali don bai zo ba. Hukuncin mai ƙin fita gayya shi ne ran da katangarsa ta faɗi zai tsaya shi kaɗai a gabanta. Da wannan hali aka riƙe ganuwar birane irin su Kano shekaru aru-aru, domin ganuwar ƙasa ba a gama ta, kowace damina sai ta ci wani sashe, kowane rani sai an mayar.

A nan akwai wani darasi da ya kamata mu tsaya a kansa. Ginin ƙasa ya koya wa kakanninmu cewa aiki ba ya ƙarewa ranar da aka gama gini, daga ranar ne ma hidima take farawa. Da siminti da ƙarfe suka zo, sai suka zo mana da tunanin cewa abin da aka gina an gama da shi har abada. Alhali siminti ma yana tsagewa, ƙarfe yana tsatsa, kwano yana yoyo, sai dai sukan jinkirta har mutum ya manta. Mun karɓi kayan zamani, mun bar halin kula da kaya a baya.

Haka kuma Bahaushe bai saba yar da abu don ya sami rauni ba. Ƙwarya in ta fashe akwai gyartai mai ɗinke ta, fartanya in ta dakushe akwai maƙeri, takalmi in ya tsinke akwai baduku. Wanda ya shiga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis zai ga jikokin waɗannan masu sana'a: mai walda, mai faci, mai gyaran babur, mai gyaran rediyo da wayar hannu. Abin sha'awa, a shekarar 2009 wata mata mai suna Martine Postma ta shirya wani zama a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, inda maƙwabta ke kawo kayansu da suka lalace, waɗanda suka iya gyara su taimaka musu kyauta. Wannan tsari ya bazu zuwa ƙasashe da yawa, ana ta yaba shi a matsayin sabuwar hikima. Mu kuwa da muka gaji abin tun kaka da kakanni, ga mu muna sakin sa.

Me ya raunana gayya? Mun duba mun ga dalilai biyar, kuma ba za mu ɓoye ko ɗaya ba, ko da kuwa wanda ya shafe mu ne.

Na farko, mulkin mallaka ya ɓata mata suna. Turawa sun tarar da al'adar aikin taro, sai suka bi ta hannun En'e suka mai da ita aikin tilas, ana kwasar talakawa gyaran hanya da ɗaukar kaya. Tsakanin 1942 da 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an kwashi dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, abin da dattawa ke kira diban gwamna, da yawa kuwa ba su dawo ba. Tun daga nan talaka ya koyi cewa in hukuma ta ce a fito aiki, to, a yi hattara.

Na biyu, kuɗin man fetur. Bayan sauyin tsarin ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya zo daidai da lokacin da kuɗin mai ke kwarara, sai kowane abu ya zama na gwamnati, kowane aiki ya zama kwangila. Ɗan kwangila ya fi son sabon gini, ɗan siyasa ma haka, domin sabon gini ne ake buɗewa da almakashi a kafa masa allo, babu mai kiran taro don an canja roba. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar DFRRI don hanyoyin karkara da ruwan sha, aka haƙa rijiyoyi aka yi hanyoyi a sassan ƙasar nan, amma da yawansu suka lalace saboda ba a bar kowa da alhakin kula da su ba. Kafin nan, a 1984, gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, wanda a ƙarƙashinsa aka tilasta wa jama'a fita share gari. An yi shara kam, amma sharar da aka yi don tsoron bulala ba ta zama hali.

Na uku, talauci. Saurayin da a dā yake da rani a hannunsa, yau ko dai ya tafi ci-rani, ko yana kan babur yana neman na cefane, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 rayuwa ta ƙara tsada. Ranar da ya bayar ga gayya, rana ce da gidansa zai iya kwana da yunwa. Duk tsarin da za a yi, dole a yi la'akari da wannan.

Na huɗu, rashin tsaro, kuma za mu dawo kansa.

Na biyar, mu 'yan boko. Hausawa sun ce, ban da tuna baya, gyartai ya ci sarauta. Da gumin gayya aka gina ajujuwa da yawa da muka fara karatu a cikinsu, da kuɗin gyaɗa da gero da tumaki aka saya mana littattafai. Amma in mun je hutu, sai mu sa fararen kaya mu zauna a inuwa muna bayanin yadda gwamnati ta gaza, muna kawo sunayen masana na ƙasashen waje, alhali kwatar ƙofar gidanmu ta toshe tun bara. In mun ga ana aiki, mu ce sannunku, mu ɗage riga mu tsallake. Ƙannenmu kuwa suna kallo, sun fahimci cewa amfanin karatu shi ne ya raba mutum da shebur. Yayanmu da ya kama aiki a Gusau ko Abuja, sai ya haƙa rijiyar burtsatse a cikin gidansa, ya ja katanga, ya ɗauka ya rabu da matsalar unguwa. Bai rabu ba, domin sauron da ya ƙyanƙyashe a kwatar maƙwabci ba ya neman izini a ƙofar gida.

Mun san abin da wani zai ce, kuma yana da hujja. Zai ce, ana kashe mutane ana sace su don kuɗin fansa, ku kuna maganar kwata da famfo? Ba mu manta ba. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara, an hana cin kasuwannin mako-mako, duk don a karya lagon 'yan bindiga. A watan Oktoba na wannan shekarar mahara suka shiga Sakajiki da dare, suka kashe mutum 12, suka ƙona shaguna. Ƙasashen Zurmi da Shinkafi sun ga irin wannan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ba mu ce shebur zai tare harsashi ba. Tsaron rai da dukiya nauyi ne da ke wuyan gwamnatin tarayya da ta jiha, kuma ba za mu gaji da tuna musu ba. Amma muna roƙon mai wannan magana ya duba abubuwa uku.

Ɗaya, rashin tsaro ya ƙara wa kayan gari nauyi. Mutanen ƙauyukan da aka tasa sun kwararo cikin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da sauran manyan garuruwa. Famfon da aka kafa don unguwa ɗaya yanzu unguwa ɗaya da baƙinta ke sha, makarantar firamare takan zama masaukin 'yan gudun hijira, shara ta ƙaru, masai ya yi kaɗan. Abin da ake yi wa aiki fiye da ƙima shi ya fi saurin lalacewa, in kuwa ya lalace, baƙon da ba shi da kuɗin sayen ruwa shi ne zai fara shan wahala.

Biyu, lalatacciyar hanya abokiyar mahari ce. Wannan yanki ƙasar gulabe ce, ga Gagare ta wajen Ƙaura, ga Bunsuru ta wajen Zurmi, ga ƙoramu barkatai da ke zuba cikinsu. In damina ta yi nisa, kwalbati ɗaya da ya rufta ya isa ya yanke gari daga asibiti da kasuwa. Inda mota ke rage gudu saboda rami, nan ake tare ta. Inda hanya ta yanke, mai naƙuda ba ta wucewa, agaji ma ba ya isowa da wuri.

Uku, kuma shi ne mafi muhimmanci, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babbar ɓarnar da wannan fitina ta yi mana bayan asarar rayuka ita ce ta cire yarda tsakanin maƙwabta. Kowa yana zargin kowa da kai rahoto daji. Mutanen da suke haɗuwa wata-wata suna aiki kafaɗa da kafaɗa, suna shan fura a ƙwarya ɗaya, sun fi sanin junansu, sun fi gane baƙon ido, sun kuma fi iya magana da murya ɗaya a gaban hukuma. Abin baƙin ciki, a wasu ƙauyukan Zamfara 'yan bindiga sun riga sun gane ƙarfin aikin taro, suna tilasta wa jama'a nome musu gonaki, suna kuma ɗora musu haraji. Wato gayyar da muka saki, azzalumi ya ɗauka ya juya ta kanmu. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu yi wa kanmu faɗa.

A nan dole mu taɓo wata magana mai ɗaci. Daga cikin abubuwan da aka daina gyarawa har da burtali da mashaya. A dā in damina ta kusa, akan fita a duba hanyar shanu a tabbatar gona ba ta ci ta ba, manomi da makiyayi kuma rijiya ɗaya suke sha. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, amma a hankali gonaki suka cinye burtali da yawa, madatsun ruwan dabbobi suka cike da yashi babu mai yashe su. Ba wannan kaɗai ne ya haifi fitinar yau ba, kuma babu wani dalili da zai halatta kisa da satar mutane. Amma ƙaramar rigimar da ba a gyara ba ita ke girma. Mu tuna shi kansa Namoda, wanda garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa, ɗaya daga cikin jaruman jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Bafillace ne daga Alibawa. Wannan ƙasa ta Hausawa da Fulani ce tare. Duk inda ake da maƙwabtan ruga masu zaman lafiya, a gayyace su ranar yasar rijiya, domin su ma abin ya ci su.

Sai dai kuma gayya tana da iyaka, kuma wajibi ne mu shata ta, don kada wani shugaba ya karanta wannan sharhi ya ce madalla, jama'a sun ɗauke mini nauyi. Kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma a fili, cikinsu har da gina hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa da kula da su, da kasuwanni, da tashoshin mota, da maƙabartu, da kwashe shara, da sa hannu a harkar ilmin firamare da kiwon lafiya. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Amma hukunci a takarda ba ya gina kwalbati sai an bi sawunsa. Jama'a za su iya yashe kwata, su canja roba, su cike rami, su mayar da kwanon da iska ta yaye. Ba za su iya gina gada ba, ko su tare zaizayar da ke cin gefen gari, ko su ɗauki malami da ma'aikacin asibiti. Abin da muka lura da shi shi ne, unguwar da ta yi nata ta fi samun bakin tambayar hukuma ina naki.

Saboda haka muke ba da waɗannan shawarwari ga duk ɗalibin da zai tafi hutu.

Da farko, a sayi littafin rubutu guda, a kewaya unguwa da ƙafa. A rubuta kowane famfo da rijiya da kwalbati da magudana da aji da masai na jama'a: wanne ke aiki, wanne ya lalace, me ya same shi, tun yaushe. A tambayi mata da yara, domin su ne masu ɗibar ruwa, sun fi kowa sanin ciwon famfo. Wannan aiki ne da ɗan makaranta ya fi kowa dacewa da shi.

Na biyu, a kai littafin wurin mai unguwa da liman da shugabannin samari cikin ladabi. Kada a ce za a kafa sabuwar ƙungiya mai shugaba da sakatare da hatimi, domin mun ga irinsu da yawa sun mutu a wajen rabon muƙami. A nemi dattawa su sa rana ɗaya a wata, a fara da ƙaramin aikin da za a gama kafin azahar, yadda mai neman na cefane zai sami sauran yininsa. Aiki ɗaya da aka gama ya fi goma da aka fara. Saboda halin da ake ciki, a tsaya cikin gari, a yi da rana, a bar kiɗa da taron da zai ja ido, kada a fita bayan gari sai da shawarar dattawa da jami'an tsaro.

Na uku, a buɗe asusun gyara. Misali, in gida 100 suka ba da naira 300 kowane wata, an tara naira 30,000 a wata, wato naira 360,000 a shekara, abin da zai sayi roba da ƙusa da maiko da 'yan buhunan siminti. A yafe wa marayu da gajiyayyu da 'yan gudun hijira. Ma'aikata masu albashi su fara bayarwa, su kuma fi kowa. A ba iyayenmu mata amanar ajiya, domin masu riƙe adashe shekara da shekaru ba tare da rigima ba sun cancanci a yarda da su. Kowane wata a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a bainar jama'a. Rashin wannan karatun shi ya kashe yawancin asusun da aka taɓa buɗewa.

Na huɗu, a koya wa samari biyu ko uku gyaran famfo, a saya musu sifana da sauran kayan aiki, a riƙa ba su ɗan abin sabulu daga asusu. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda tun 1983, ɗalibanta masu karatun injiniya da gine-gine 'ya'yan waɗannan garuruwa ne, ga mu nan mu ma a jami'o'i. A ranar gayya kuma a keɓe inuwa ɗaya inda za a kawo fitila mai caji da rediyo da keken ɗinki da keken hawa da suka lalace, masu sana'ar gari su duba su yara suna kallo suna koyo. A biya masu sana'ar haƙƙinsu ko da ragi ne, kada taimako ya zama sanadin kashe musu kasuwa.

Na biyar, a rubuta wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma takarda, a ce ga abin da muka gyara da hannunmu, ga abin da ya fi ƙarfinmu. A sa kwanan wata, a ajiye kwafi, a koma bayan wata guda a tambaya, a sake komawa. Ku kuma yayyenmu da ke ofisoshi, wata rana irin wannan takarda za ta iso teburinku. Kada ku jefa ta ƙasan fayil. In an zo tsara kasafin kuɗi, ku yi magana a ware na gyara, ko da kuwa ba shi da allo ba shi da almakashi.

Gargaɗi biyu za mu ƙara. Kada a bar gayya ta sa hular jam'iyya, domin ran da ta zama ta wani ɗan takara, rabin gari ya janye. Kada kuma a mai da ita dole. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun gwada: bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, ya farfaɗo da ƙungiyoyin Samariya, suka yi ayyukan gayya masu yawa a garuruwa da ƙauyuka, amma da yake sun zama reshen gwamnati, da mulkin ya shuɗe sai suka yi sanyi. A ƙasar Ruwanda doka ce ta sa ake fita aikin gari ranar Asabar ta ƙarshen kowane wata. Mu tamu gayyar ba da doka ta rayu ba, da kunya da zumunci da neman lada ta rayu, a kansu kuma ya kamata a sake gina ta. Addininmu ma ya koya mana cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, shayar da ruwa kuwa yana cikin mafifitan ayyuka.

A 1929 hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta iso Ƙauran Namoda, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga, fatake suna zuwa daga ko'ina. Yau tashar ba ta da wannan hada-hada. Abin da ya fi ƙarfin gari ne ya kawo jirgin, abin da ya fi ƙarfin gari ne kuma ya ɗauke harkar. Amma rijiyar unguwa da kwatar ƙofar gida da rufin ajin ƙannenmu, waɗannan suna hannunmu, babu wanda zai zo daga nesa ya kula mana da su.

Wannan mujalla ta yi alkawarin ware shafi guda a fitowa ta gaba don rahotannin hutu. Duk wanda ya dawo, ya kawo mana a rubuce: sunan unguwa, abin da aka tarar, abin da aka gyara, nawa aka kashe, da abin da ya gagara. Wanda aka gwada a unguwarsu abin bai yiwu ba, shi ma ya rubuto ya faɗi dalili, domin a koya daga gare shi. Muna fatan mu ga kanta a tafin hannun 'yan'uwa ranar dawowa.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa a Sakajiki da Zurmi da Shinkafi da sauran garuruwanmu, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ya kai kowa gida lafiya, ya sa mu dace, amin.

Kwamitin Edita